Jawabi a Kan Garin Dutse da Amanar Gini



Shugabanni, iyayenmu malamai da 'yan'uwa 'yan kasuwa, barkanmu da wannan zama. Maganarmu ta yau a kan yashi da tsakuwa ce.

Tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa, gine-gine ba su tsaya ba. Yashin rafi kuwa kullum ƙara nisa yake yi, haƙarsa kuma tana cinye gaɓa da gonakin bayin Allah. To, shi ya sa garin dutse ya shigo kasuwa, kuma wajibi ne mu san abin da muke sayarwa.

Ƙasar Lafiya ba ta da dutse mai tauri irin na kankare. Daga wajen Nasarawa Eggon da Akwanga tifofi ke kawo shi, don haka kuɗin mota ke ɗaga farashinsa. A can, da nakiya ake fasa dutsen, babban inji ya farfasa shi, na biyu ya ƙara niƙawa, sannan rariya ta ware: ga mai kwata uku na inci, ga mai rabin inci. Abin da bai kai milimita 5 ba, shi ne garin dutse. In an tace shi an wanke, ya zama yashin inji.

Ƙwayarsa mai kaifi ce, tana kama siminti ƙwarai, ba kamar ta rafi mai santsi ba. Amma fa akwai sharaɗi. In ƙura ta yi masa yawa sai ya sha ruwa, magini ya yi ta ƙari, ruwa mai yawa kuwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Gwajinsa ba wuya: a zuba a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. Laɓo mai kauri a sama, alamar kayan ba su wanku ba ke nan.

Jama'a, a nan amana take. Wanda ya cakuɗa jar ƙasa cikin lodi, ko ya ja buhun siminti ɗaya ya buga bulo fiye da ƙima, ba kuɗin mutum kaɗai ya ci ba. Ƙarƙashin wannan dakalin mata da yara za su kwana. Mun karanta a Islamiyya abin da Suratul Muɗaffifina ta ce game da masu tauye mudu. Tifa ma mudu ce.

Sai leburorinmu. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu, ta bar tabon da ba ya warkewa. Mu yayyafa ruwa kafin lodi, mu saya masu takunkumi, kada mu bar yara su yi wasa a kan tarin.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu da haƙƙin mutane. Wassalamu alaikum.