Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya: Tsakanin Doka da Teburin Akawu



Duk wanda ya taso daga Fagge ya ratsa cikin Sabon Gari, idan yana lura da allunan tituna, zai ci karo da wani titi da ake kira Burma Road, watau Titin Bama. Dubban mutane na bin sa kullum, amma da za a tsai da goma a tambaye su ina ne Bama, kuma me ya haɗa ta da Kano, da wuya a sami biyu masu amsa. In kuma mutum ya juya ya nufi wajen filin jirgin sama, zai iske Barikin Bukavu, wanda shi ma sunan wani gari ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. Sunayen fagagen fama dai mun adana su a jikin allo. Abin da muke so mu duba yau shi ne mutanen da suka je can suka komo, da waɗanda suka biyo sawunsu, da matan da 'ya'yan waɗanda ba su komo ba. Me gwamnati ta ajiye musu, kuma a ina abin yakan maƙale?

Ya kamata mu fara da tuna cewa wannan yanki da muke magana a kansa ya daɗe da sanin tsohon soja. Fagge tun can zango ce, inda ayarin fatake daga arewa ke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa ta zamanin Turawa ce. Sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma akasarin waɗanda suka riƙe musu bindigogi baƙaƙen fata ne, da yawansu ma da Hausa ake ba su umarni. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, kuma cikin waɗanda aka fara zaunarwa a wurin akwai sojojin da aka sallama tare da ma'aikatan reluwe. Ana iya cewa fuloti shi ne fanshon farko da tsohon soja ya gani a garin nan.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, shi ya kai mutanenmu Bama. Ingila ta haɗa manyan runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Arakan don fuskantar Japan. Kimanin mutum 90,000 ne, wajen rabinsu 'yan Nijeriya. Sun yi gumurzu a kwarin Kaladan, suka ƙwato Myohaung a watan Janairu na 1945. Barikokin Dodan da Myohaung na Ikko, da Dalet na Kaduna, da Chindit na Zariya, duk daga wancan yaƙi suka samo sunayensu. Da aka dawo da su, sai aka ba su lambobin yabo da kuɗin sallama, aka kuma yi wata doka a 1945 da ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su ba tsofaffin soja gurbi. Waɗanda suka koyo tuƙi ko kanikanci suka sami abin yi. Saura suka zama masinjoji, da masu gadin kantunan Turawa, da 'yan doka na En'e, wasu kuwa suka koma ƙauye da kakinsu a cikin adaka. A 2019 'yan jarida suka tono wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 wadda ta nuna yadda aka yanka kuɗin sallama a wasu ƙasashen mulkinta na Afirka: farabiti Bature sule goma a kan kowane watan da ya yi yana aiki, farabiti baƙi sule uku da sisi.

Maƙwabtanmu ba su fi mu dacewa ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin Gana suka yi jerin gwano a Ankara, babban birninsu, don kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu, kuma tarzomar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin ƙasar. A ɓangaren Faransa, ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar a kan sojojin da ke neman bashin albashinsu. Sa'an nan a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulki, watau tsohon soja a Maraɗi ko Damagaram ya ci gaba da karɓar abin da aka yanka masa tun wancan lokaci, abokin aikinsa Bafaranshe kuwa nasa na hauhawa. Sai a 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta ce wannan ya saɓa wa daidaito, a lokacin da akasarin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

To, wannan laifin baƙi ne. Bari mu zo kan namu.

Yaƙin Basasa ya ɓarke ran 6 ga Yuli 1967, ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970. Cikin watanni talatin ɗin nan sojan Nijeriya ya kumbura daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. Samari daga Fagge da Gwagwarwa da ƙauyukan Kano suka shiga kurtu, aka ba su horon 'yan makonni, aka tura su bakin daga. A Sabon Gari kuwa akwai iyalan da 'ya'yansu suka yi yaƙin a ɗaya ɓangaren, kuma sai a shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar da aka yi wa sojojin da suka bi Biyafara ta zama ritaya, abin da ya buɗe musu ƙofar neman fansho bayan shekara talatin. Saboda ƙarshen wannan yaƙi ne aka ɗauke Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya daga 11 ga Nuwamba aka mai da ita 15 ga Janairu.

A bisa takarda, tanadin da aka yi wa tsohon soja ba abin rainawa ba ne. Dokar fanshon soja ta 1979 ita ce ginshiƙi. Wanda ya yi shekara 10 yana aiki ya cancanci fansho da garatuti, abin kuma na ƙaruwa da yawan shekaru har zuwa 35. Lokacin da aka shigo da tsarin fansho na karo-karo a 2004 an sa soja a ciki, amma gyaran doka na 2011 ya fid da su, saboda haka nasu daga baitulmali yake fitowa kai tsaye, ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 173, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikata, kowanne ya riga zuwa, ya kuma hana a cire masa haraji. Wajen lafiya akwai kamfanin inshorar soja da ake kira DHML. Wanda ya kusa barin aiki akan tura shi cibiyar koyon sana'a ta Oshodi a Ikko ya yi wata shida yana koyon kiwo ko ɗinki ko walda. Akwai kuma wani alawus da aka shigo da shi a 2017, wanda ake biyan tsohon soja don kada ya juya horonsa a kan ƙasa, wanda ya jawo doguwar gardama domin da farko waɗanda suka yi ritaya kafin lokacin ba su shiga ciki ba. Idan soja ya rasu a bakin aiki, iyalinsa na da kuɗin jana'iza, da kuɗin inshorar rai, da haƙƙoƙin aikinsa, kuma rundunar sojan ƙasa na ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa har huɗu. Ga kuma Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964, mai rassa a jihohi. 'Ya'yanta ne dattawan nan da muke gani cikin kaki suna gadin bankuna da ofisoshi, kuma don taimakon su da marayunsu ake sayar da bajon tunawa kafin 15 ga Janairu.

Hausawa kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Matsalar ita ce wannan ruwa da takarda ake tona shi, kuma yawancin masu ƙishirwar ba su riƙe da takardar.

Mu ɗauki misali, ba na wani mutum takamaimai ba, amma irin wanda duk mai zama a Fagge ya taɓa jin makamancinsa. Saurayi ya shiga soja yana da shekara ashirin, ba shi da aure. Aka miƙa masa fom aka ce ya rubuta wanda za a nema idan wani abu ya same shi, sai ya rubuta yayansa. Shekara goma sha biyar suka wuce, ya yi aure, ya ƙara, ya haifi bakwai, bai taɓa komawa ofis ya sake sunan ba, domin mu a al'adarmu maganar mutuwa ba a son yawan taɓa ta. Ya faɗi a Borno. Matansa na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba su fita, ofis kuwa sunan da ke cikin fayil yake nema. In yayan mai tsoron Allah ne, ya karɓo ya kawo gaban alƙali ko malami a raba yadda shari'a ta ce: mata su raba tumuni, uwa da uba kowa sudusi, saura na 'ya'ya. In kuwa ba haka yake ba, to, kun san sauran labarin. Rubuta sunan mutum a wannan fom bai mai da shi magaji ba, amma sau nawa matar da aka fitar daga gidan bariki da yara bakwai take da ƙarfin kai ƙara?

Sa'an nan ku dubi lissafin kansa. Inshorar lafiya ta gwamnati an gina ta ne a kan miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tallafin karatu shi ma huɗu ne. Wanda ya tsara wannan lissafi bai zauna a zauren gidan Bahaushe ba. A gidan da muka misalta, wace matar ce za ta shiga, kuma su wane ne huɗun cikin bakwai? Ba mu ce baitulmali ba shi da iyaka ba. Amma dokar da ta yi shiru a kan yadda za a zaɓa ta bar zaɓin a hannun wanda ya fi baki a gidan, kuma ta haka ake shuka gabar da 'yan uba za su gada. Wani abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne fansho ba ya gudana har abada bayan mai shi. Idan ya rasu kafin ya cika shekara biyar da yin ritaya, ana biyan iyalinsa cikon shekara biyar ɗin, daga nan an rufe. Wanda bai san wannan ba bai neman cikon, wani kuma ya ci gaba da cirar kuɗi a banki bayan rasuwar, ya jefa kansa cikin laifi.

Tantancewa ita ma wani dutse ce. Lalle dole ne hukuma ta tabbatar mai karɓar fansho yana raye, domin sunayen bogi sun daɗe suna cin kuɗin jama'a. Amma shekara da shekaru ma'anar wannan ita ce dattijo mai ciwon ƙafa ya yi sammako ya bi layi a rana. Yanzu an shigo da tantancewa ta wayar hannu, abin da ya rage wahalar tafiya, sai dai mutumin da aka ɗauka kurtu a 1968 ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, wayarsa kuma ta kira da amsawa ce kawai. Ga kuma saɓanin suna: a littafin sallama an rubuta shi da sunan garinsu, kamar yadda Turawa suka saba yi wa soja, a banki da sunan mahaifinsa, a katin ɗan ƙasa an sake harafi ɗaya. Kwamfuta ba ta san uzuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ba a rasa 'yan kan-ta-waye da ke cewa kawo kaso kaza mu fito maka da kuɗinka. Wanda ke ganin mun cika baki ya tuna cewa a watan Disamba na 2024 da Janairu na 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman bashin haƙƙoƙinsu.

Akwai kuma raunin da babu fom ɗinsa. Tun daga 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas. Wanda ya rasa ƙafa akan kai shi asibitin soja na 44 a Kaduna, kowa na ganin rauninsa. Wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku amma ba ya barci, ƙarar salansar babur na sa shi neman maɓoya, sai unguwa ta ce ya sha wani abu ne ko iska ta taɓa shi. Wannan ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, yana kuma da magani.

Mun zaɓi mu kawo maganar nan gabanku ne don dalili ɗaya. Yawancin waɗannan haƙƙoƙi ba a majalisa suke mutuwa ba, a kan tebur suke mutuwa, kuma ku ne masu zama a bayan teburan, wasunku tun yanzu, wasu nan da shekara biyu ko uku. Kotun da ke ba da takardar rabon gado, da ofishin da ke ba da takardar haihuwa da ta mutuwa, da makarantar da za ta sa hannu cewa maraya ɗalibinta ne, da bankin da zai daidaita suna, ba ɗaya daga cikinsu da ke hannun soja. Akawu ne farar hula ke cewa a dawo gobe. In fayil ya kwana wata uku a kabad don mai shi ba shi da wanda ya sani, babu janar ɗin da za a ɗora wa laifin.

Shawarar da muka kawo wa ƙungiyar nan ƙarama ce. A kowane zangon karatu a ware Asabar ɗaya, ɗaliban shari'a da na kwamfuta da duk mai iya cika fom su nemi izinin masu unguwanni da reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, su kafa tebur ɗaya a Fagge, ɗaya a Sabon Gari. A duba wa dattawa da matan mamata takardunsu kyauta: littafin sallama, da lambar aiki, da sunan da ke banki, da takardun haihuwar yara. Lambar aiki ba za ta ba ku wuya ba, tsohon soja kan manta shekarar haihuwarsa amma ya karanto muku lambarsa ba gargada. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a cikin kaki yanzu, idan ya zo hutu, ya daure ya tambaye shi sunan wa ke kan fom ɗinsa, da kuma yaushe rabonsa da ya duba. Mai son shiga aikin ya ba sakataren ƙungiya sunansa kafin a tashi.