Yadda ƙaramar mota za ta rage shan mai

Jawabin da aka shirya domin karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci



Jawabin yau a kan mota ne da man da take sha. Wani zai ce ba shi da mota, ina ruwanshi. Da ruwanshi. Wanda zai kai buhun wake kasuwa mota yake hawa. Mai naƙuda da za a kai asibiti cikin dare mota ake nemo mata. Duk litir ɗin da mota ta ƙone a banza, daga aljihun fasinja kuɗinshi ke fita. Kuma yanzu ƙauyuka da yawa suna da ɗan gari mai ƙaramar mota, Starlet ko Corolla, da yake jigila da ita ranar kasuwa.

Tun shekara ta 2011 Nijar ke tace nata mai, a matatar SORAZ kusa da Damagaram, da ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem. Duk da haka mai bai zama ruwan rijiya ba. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, sai man ƴan ruwa-ruwa da aka saba saye da arha ya yi tsada. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta yanke kuɗin litir ɗin isansi faran 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin mai, motoci suka yi ta layi a gidajen mai. Wanda ya kwana a layi ya san darajar litir guda.

Abu na farko ba a gareji yake ba, a takarda yake. Direbobi da yawa suna cewa motarsu tana shan mai, amma in an tambaye su nawa take sha, sai su ce da yawa. Da yawa ba lissafi ba ne. Ga yadda ake aunawa. Direba ya cika tanki fal. Ya rubuta lambar da agogon kilometir ya nuna. Ya yi aikinshi na kwana biyu ko uku. Ya koma ya sake cika tanki fal, ya rubuta litir nawa aka zuba, da sabuwar lambar agogo. Sai ya ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa, ya sami tsawon tafiyar da ya yi. Misali, an zuba litir 20, tafiya kuma kilometir 250 ce. A ninka 20 sau 100, a sami 2000. A raba 2000 gida 250, a sami 8. Ke nan motar tana shan litir 8 a kowace kilometir 100.

In agogon ya mutu, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin motoci, sai a duba duwatsun kilometir da ke bakin babbar hanya. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilometir 240 ne, zuwa da dawowa 480. Motar da ke shan litir 8 za ta sha wajen litir 38. In ta koma shan litir 7, wajen litir 34 za ta sha. An tsirar da kusan litir 5, fiye da jika biyu a tafiya ɗaya. Mai yin tafiyar sau huɗu a wata ya lissafa da kanshi.

To, ta yaya 8 za ta koma 7? Yawancin abin yana ƙafar direba. Direban da ke taka totur da ƙarfi in zai tashi, ya sheƙa, sannan ya taka birki da ƙarfi a bakin shinge, ya biya kuɗin gudun da bai ci moriyarshi ba. Mai ya ƙone don mota ta yi gudu, birki kuma ya kashe gudun. Direba mai hankali yana hangen nesa. Da ya hango gari, ko garken shanu, ko ramin hanya, sai ya ɗage ƙafa tun da wuri, ya bar mota ta rage gudu da kanta. Kuma ba ya barin inji yana kuka a ƙaramin bitesi. Da mota ta miƙe sai ya canza zuwa na gaba.

Gudu ma yana da nashi haraji. Mota tana ture iska ne a gabanta. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iskar da ke tare ta yana ninkawa sau huɗu. Shi ya sa motar da ke tafiya 80 ko 90 ta fi mai tafiya 120 tattalin mai nesa ba kusa ba. Kayan da ake jibgewa bisa rufin mota suna ƙara tare iskar. Ranar kasuwa ba makawa sai an ɗora, amma a ɗaure su ƙasa-ƙasa, a rufe da tamfol, kuma a sauke abin da ba a bukata. Tsofaffin ƙarafa da jarkokin da suka yi wata a bayan mota, su ma fasinjoji ne da ba su biyan kuɗi.

Akwai kuma ɗabi'ar barin inji yana aiki a tasha ana jiran mota ta cika, wai don fasinja su ga an kusa tashi. Ƙaramar mota da ke tsaye inji na aiki tana shan rabin litir ko fiye a awa guda, ba ta je ko'ina ba. In batir ne ya mutu ake tsoron kashewa, batir za a gyara.

Sai taya. A hanyar rairayi direba yakan rage iskar taya don kada mota ta kafe. Wannan daidai ne. Laifin shi ne ya hau kwalta bai mayar da iskar ba. Taya mai laushi tana jan mota baya, tana yin zafi, tana cinyewa da wuri, har takan fashe. Yawancin ƙananan motoci wajen kilo 2 na iska suke so, kuma ana rubuta adadin a jikin ƙofar direba. A auna wurin mai faci da safe, kafin taya ta yi zafi.

Gyaran da ke taimako ba shi da tsada. A lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iska, sai mota mai kabireta ta riƙa shan mai fiye da kima tana fitar da baƙin hayaƙi. A kakkaɓe matatar, in ta tsufa a sake ta. Buji da ya ci wuta a sake shi. A yi bidanji kan lokaci. In an tsaya an taɓa ƙarfen ƙafa ɗaya an ji ya fi sauran zafi, birki ne yake kamawa, a kai ta gareji. Warin mai a ƙarƙashin mota kuwa yoyo ne, asara ce kuma haɗarin gobara ne.

Akwai gyare-gyaren da ake yi da sunan dabara, alhali ɓarna ce. Wasu suna cire tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, wai ƙasar zafi ba ta bukatar shi. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafin wajen digiri 90. In ya daɗe bai kai ba, mai yake ƙara sha. Wasu suna matse kabireta ƙwarai don ta rage mai. Sai inji ya yi zafi, ya rasa ƙarfi, har bawul ya ƙone, a biya kuɗin da ya fi na man. Wasu suna cire matatar iska gaba ɗaya, rairayi ya shiga ya cinye inji. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai kuwa, kuɗinshi kawai mai saye ke rasawa.

Mafi muni shi ne kashe inji a gangara. Birkin mota da injin yake samun ƙarfi. In inji ya mutu, bayan taka biyu ko uku birki ya yi tauri, sitiyari ma yana iya kullewa, ga mutane cike da mota. Motocin da ba su da kabireta, in direba ya ɗage ƙafa ya bar ta cikin bitesi, da kansu suke yanke mai a gangara. Kashe inji bai ƙara mai komi ba.

Man kwalba na bakin hanya, wani lokaci dole ce ke sa a saya. A tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a duba gindin kwalbar ko akwai ruwa, a kuma rubuta shi cikin lissafi kamar sauran.

Kowane ɗalibi da ke da direba a gidansu ya ja layi huɗu a shafin littafinshi: rana, lambar agogo, litir, kuɗi. Ya cika su har wata guda. A zama na gaba malami zai sa a yi lissafin a allo, mota bayan mota.