Jawabin Taron Ƙungiya: Kada Mu Kashe Maganin Zazzaɓi Da Hannunmu

 

Mu nan Kafanchan ba sai an ba mu labarin sauro ba. Da damina ta zauna, ruwa ya kwanta a kwatoci da gefen layin dogo, gida-gida sai ka tarar da yaro kwance, jiki zafi rau. Manyanmu sun tuna zamanin kulorokwin mai ɗaci da sa ƙaiƙayi. Da, in an sha an warke. A hankali ƙwayar cutar ta saba da shi, har a 2005 Najeriya ta koma ga haɗin magani irin su Coartem.

Asalin wannan haɗi ganyen tazargade ne. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta tace sinadarinsa a 1972. To jama'a, shi ma an fara ganin kasawarsa. A 2020 an tabbatar cutar tana jure masa a Ruwanda, daga baya a Uganda. Kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin nan a duniya 'yan Najeriya ne.

Masana ba su zauna ba. Kamfanin Novartis ya haɗa sabon magani mai sinadarin ganaplacide, an gwada shi a ƙasashen Afirka 12, a watan Nuwamban 2025 aka ce ya warkar da fiye da kashi 97 cikin ɗari. Sai dai fa aikin ya ci fiye da shekara goma. Kafin ya iso kantunanmu, wanda ke hannu shi za mu lallaɓa.

Coartem safe da yamma ake sha, kwana uku cif, tare da abinci mai maiƙo. Mu kuwa yaro ya sha kwana ɗaya ya tashi wasa, sai uwa ta ɓoye saura don ƙanensa. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, sauro ya kwashe su ya kai maƙwabta. Masu kemis a cikinmu, don Allah a daina yanka kati ana sayar da rabi. A yi gwajin jini tukuna, a duba lambar NAFDAC.

Shawararmu ita ce, wanda kuɗinsa bai kai na cikakken magani ba, asusun ƙungiya ya cika masa. Muna roƙon shugabanni su sa maganar nan cikin taro mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.