Ƙubbar Fulorans da Haƙurin Magini

 Da wanda ke kan tabarma a ƙofar gida, da direban da ke bisa hanya, da uwargida da ta ajiye rediyo kusa da murhu, duk ina gaishe ku. Amma gaisuwar yau ta musamman ta magina ce: birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi, da leburorin da ke hawa bene da kwanon kankare a ka. Ku matso kusa. Masu ba da aikin gini, ku ma kada ku murɗa tasha, domin ku zan fi yi wa faɗa.

Yau Italiya za mu je, birnin Fulorans, shekara ɗari shida baya. Mutanen garin sun aza harsashin babbar majami'arsu a 1296. Attajirai ne masu arzikin ulu da hada-hadar kuɗi, masu son a san da su, sai suka zana ginin da ya fi ƙarfin ilimin zamaninsu. Bango ya tashi, aka rufe ko'ina, saura wuri ɗaya: wani fili mai kusurwa takwas, faɗinsa wajen mita 45, inda ƙubba za ta zauna, kuma bakin bangon ya haura mita 50 daga ƙasa. Ku magina kun san yadda ake yi: a kafa katako a ƙasa ya tallafe, a yi gini a kai, in ya kama a zare. To a nan ina za a samo itacen? Ko daji guda aka sare, da wuya ya ɗauki nauyin. Haka aka bar wurin a buɗe.

A 1418 hukumar ginin ta sa gasa. Wanda ya fito da mafita ba a san shi da gini ba, maƙerin zinariya ne mai suna Filippo Brunelleschi, haihuwar 1377. Tun a 1401 ya shiga gasar ƙera ƙofofin tagulla, aikin ya faɗa hannun abokin hamayyarsa Lorenzo Ghiberti. Bai zauna yana cizon yatsa ba. Masu rubuta tarihinsa sun ce birnin Rum ya nufa tare da abokinsa Donatello mai sassaƙa, suna yawo cikin kufan gine-ginen mutanen da, suna tono, suna awo, suna zane, har mutanen gari suka ɗauka masu neman dukiyar da aka binne ne. Samari masu koyon sana'a, kun ji? Yaro ya yi wata shida yana kwaɓa siminti, sai ya sayi cokalin gini da igiyar awo ya ce shi ma oga ne. Haba!

Brunelleschi ya ce zai rufe wurin ba tare da tallafin katako daga ƙasa ba. Aka fara a 1420. Ƙubba biyu ya yi, ɗaya cikin ɗaya, ta ciki mai kauri, ta waje mara nauyi, da matakala a tsakaninsu. Ya yi mata ɗamara da dogayen duwatsu da aka haɗa da ƙarfe, da wata ɗamarar ta katako, don kada ta buɗe ta gefe. Sai kuma abin da ya fi burge ni, wato jeren bulo. Ana shimfiɗa bulon a kwance, amma bayan ɗan tazara sai a tsayar da wasu a tsaye, su tafi a karkace kamar ƙashin kifi. Waɗannan na tsayen su ke riƙe na kwancen kada su zame ciki tun kwaɓin bai bushe ba. Kusurwa takwas ɗin nan tare suke tashi. Sai zobe ɗaya ya zagayo ya haɗe, ya riƙe kansa, sannan a aza na gaba.

To a nan nake so ku buɗe kunne. Bulo sama da miliyan 4 aka jera a wannan ƙubba, kuma shekara 16 aka yi ana yi. Ba kuɗi suka rasa ba. Ginin ne ke da lokacinsa, kwaɓin farar ƙasa ba ya kamawa da wuri, wanda kuwa ya ɗora nauyi a kan ɗanyen aiki ya san abin da ya tara. Da idona na gani a unguwarmu: an zuba dakin, ko mako bai cika ba mai gida ya matsa sai an cire gora, wai kuɗin hayarta na cinsa, kuma yana so a fara jera bulon hawa na biyu kafin biki. Birkila ya ce Alhaji a yi haƙuri, Alhaji ya ce in ba za ka yi ba akwai wani. Aka cire. Kafin wata guda tsakiyar rufin ta lotsa, tsaga ta bi ta kamar busasshen tabki. Allah ya kiyaye ba a shiga ba tukuna. Sannu ba ta hana zuwa, jama'a.

Mu koma Fulorans. Dutse da bulo sai an kai su sama, don haka Brunelleschi ya ƙera wata na'ura da shanu ke juyawa, ya yi mata dabarar da za ta ɗaga kaya ko ta sauke ba tare da an kwance shanun an juya su ba. An ce shi da kansa yake duba bulo, wanda bai gasu ba a mayar. Da gini ya yi nisa, sai ya sa ana ba ma'aikata abinci a can sama don kada hawa da sauka su cinye musu ƙarfi. Giyar inabin da suka saba sha da abinci ma aka riƙa surka ta da ruwa saboda masu aiki a tsayi. Wannan ya tuna mini da wata masifa tamu: yaran da ke haɗiyar tramol da safe wai don su ji ƙarfin ɗaukar kwano. Ɗan kwangila, kana gani kana kawar da kai. Ranar da ƙafarsa ta zame daga hawa na uku, me za ka gaya wa uwarsa?

Ba kullum Brunelleschi ya yi nasara ba. Wani jirgin ruwa da ya ƙera don dakon dutsen marmara ya nutse da kayan a kogin Arno. A 1434 har tsare shi aka yi na 'yan kwanaki kan kuɗin ƙungiyar magina. Amma a 1436 ƙubba ta rufu, Paparoma da kansa ya buɗe majami'ar. Brunelleschi ya rasu a 1446, aka binne shi a cikinta. Har yau tana tsaye, baƙi na hawa matakala 463 su leƙa gari.

Kada wani ya ce ai wannan sai Turawa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ƙasa da azara ya tayar da bakan gizo da tulluwa. Maginanmu na gargajiya ba sa aza sabon jeren tubali sai na ƙasa ya sha rana. Mun gaji wannan haƙuri, siminti ne ya zo muka ɗauka ya ɗauke mana jira.

Bai ɗauke ba. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi, kuma a kwanakin farko yana son ruwa safe da yamma. Don Allah, mai gida, in an zuba maka dakin, ka bar gorar nan a wurinta har sai injiniya ya ce a cire. Birkila, in an matsa maka, ka ajiye cokali ka ce ba da kai ba.