Ranar Da Na Kusa Kashe Kyanwata Da Hannuna



Yau zancen kyanwa za mu yi. Ranar da aka yi wa tawa allurar rigakafin ciwon haukan kare, muna dawowa gida sai ta shige ƙarƙashin gado. Jikinta da ɗumi, ko kifin da take so ba ta kalla ba. Wallahi hankalina ya tashi, har na ɓallo farasitamol zan ba ta. Allah ya sa na fara kiran likitan dabbobi. Ya ce min, "Kul! Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta." Ashe hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan maganin kamar tamu.

Kasala, ɗan zazzaɓi da ƙin cin abinci na kwana 1 ko 2, duk ba abin tsoro ba ne. Washegari da yamma kuwa sai ga ta tana bin ƙadangare.

Amma in fuskarta ta kumbura, ko tana ta amai, ko numfashinta na sarƙewa jim kaɗan bayan allurar, ku koma asibiti nan take.

Sai kuma ƙululu a wurin allurar. Yawanci yakan baje da kansa. In ya kai wata 3, ko ya wuce santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata 1, a kai ta a duba. Ba kasafai ba, amma yakan zama ciwon daji.

Kada wannan ya hana ku yin rigakafin fa. Haukan kare yana kama kyanwa, ita kuma ta ciji yaro a gida. In alamominsa suka bayyana, da wuya a tsira.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.