Robar Miƙe Baya: Tana Aiki Kuwa?

Yau kan robar nan mai lanƙwasa kamar baka za mu yi magana, wadda ake ta tallatawa a TikTok wai tana maganin ciwon baya. Ni dai ina amfani da ita, kuma gaskiya tana sassauta min tsakanin kafaɗu. A ƙasa ake ajiye ta, ba kan katifa ba. Ku fara da matakin ƙasa, ku kwanta a hankali, minti 5 ya isa. Amma fa in kun tashi kun sake duƙufa kan waya awa 3, wallahi ciwon zai dawo. Ku riƙa ɗaga wayar daidai ido. In kuma hannu na sagewa, ko ƙirji na ɗaurewa, ku ajiye robar nan, sai asibiti.