Shito, Guzurin 'Yan Zangon Kumasi: Yadda Ake Soya Shi Ya Jure Hanya

Gaisuwa ga makiyaya a ruga, da masu rakiyar shanu a bayan tirela, da fatake da direbobi da yaran mota da ke kwana a bakin iyaka suna jiran a buga musu takarda. Yau zancenmu na guzuri ne.

Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga Paga zuwa mayankar Kumasi da ke Kaase, tafiyar kusan kilomita 600, ko ya biyo motar albasa tun daga Galmi a Nijar, ya san ba rashin abinci ne ke damun matafiyi ba. Garin rogo yana nan, burodi yana nan, ana samun dafaffiyar shinkafa a kowace tasha. Mahaɗin ne matsala. Miyar bakin hanya ba ka san yaushe aka dafa ta ba, ba ka san sau nawa aka ɗumama ta ba. Idan ta ɓata maka ciki a tsakanin Kintampo da Techiman, direba ba zai yi ta tsayawa dominka ba, dabbobi kuma suna galabaita a cikin mota.

Mutanen Zangon Kumasi suna da maganin wannan a cikin kwalba, sunansa shito. Asalin kalmar ta mutanen Ga ce na Ankara, babban birnin Ghana, ma'anarta barkono. Amma ka shiga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango da safe, ka tsaya wurin mai waakye, wato shinkafa da waken nan da sunansa ma daga "wake" na Hausa ya fito, za ka ga baƙin yajin nan mai maiƙo a gefen tukunya. Matan Zango sun karɓe shi sun ƙara masa citta da kanumfari da kimba irin na gidajenmu. Ɗaliban makarantun kwana a Ghana da shi suke tafiya, tare da gari da sukari a akwati, ya kai su makonni. Abin da ya riƙe ɗan makaranta zai riƙe falke.

To me ya sa ba ya lalacewa, alhali akwai kifi da albasa a ciki? Inna da ke ruga ta riga mu sanin amsar. Man shanu ɗanye, kwana kaɗan zai yi ya fara wari. Amma idan ta ɗora shi a wuta ta soya, ya gama tafarfasa da kumfa ya yi shiru, sai ya yi watanni a kwalba lafiya lau. Ruwan da ke cikinsa ne wuta ta kora. Haka shito yake. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ruwa suke nema. A kore ruwan ƙaf, a bar mai ya rufe saman, ba su da wurin zama. Barkono da gishiri taimako kawai suke yi, aikin na wuta ne da haƙuri.

Ga kimanin abin da za ki tanada, uwargida, idan maigida zai yi tafiya. Man gyaɗa ko wani man girki lita ɗaya. Albasa kilo ɗaya. Garin busasshen barkono kofi ɗaya, ki rage idan ba a son zafi sosai. Garin busasshen kifi kofi biyu. A kasuwar Kejetia ki nemi bandar kifin nan da Asantawa ke kira amane, ki cire kai da ƙaya ki ƙara shanya shi kafin a daka. Busasshen jatan lande, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kirafish, kofi ɗaya. Citta ɗanya kamar cikin tafin hannu, tafarnuwa dunƙule biyu, ƙaramin tumatirin gwangwani, gishiri, da ɗan kanumfari. Mai son daddawa ya daka busasshiya ya zuba. Wanda yake nesa da kifin teku kuma, bandar tarwaɗa ta wadatar, muddin ta bushe ƙayau.

Barkonon, don Allah a sayo shi ɗanɗaya a duba shi da ido, a kai niƙa da kai. Garin da ake aunawa a kasuwa ba ka san abin da aka cakuɗa a ciki ba. Wanda ya yi fumfuna a cikinsa a watsar, haka ma kifin da ya yi fari-fari ko ƙwari suka ci. Fumfuna tana barin guba mai taɓa hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Mai ma a san wurin wanda aka saya. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta gano ana zuba wa manja wani jan rini mai cutarwa a kasuwanni don ya ƙara kyau a ido.

A markaɗa albasa da citta da tafarnuwa ba tare da an tsuga ruwa ba. Idan injin ya ƙi ja, a zuba masa mai. A ɗora tukunya mai kaurin gindi, a zuba man, a juye markaɗen. Nan ne ake gane mai haƙuri. Wuta matsakaiciya, ana juyawa da muciya, har albasar ta tashi daga fari ta koma ruwan ƙasa. Sai tumatir, a ci gaba da juyawa har tsaminsa ya mutu. Daga nan a janye itace ko a rage gawayi, a zuba barkono da kifi da kirafish da sauran kayan ƙamshi. Kada a matsa ko nan da can, domin garin kifi yana saurin kamu, kuma idan ya ƙone ɗacin ba ya fita, an yi asarar tukunya guda.

Yaushe ya yi? Kada ki duba agogo kawai, ko da yake abin yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki saurara. Muddin tukunya tana ƙara tana tsartuwa, tururi yana tashi, akwai sauran ruwa. In ta yi shiru, kumfa ya kwanta, launin ya koma baƙi-baƙi, mai ya taso sama ya rabu da tsakin, to ya soyu. Mafi yawan shiton da ke yin tsami bayan kwana huɗu, an sauke shi ne da wuri don a ceci gawayi. Gawayin sidi nawa ne, kifi da mai na sidi nawa?

A bar shi ya huce sarai a buɗe. In aka rufe da zafi, gumi zai taru a murfi ya ɗiga ciki, ruwan da aka sha wahala aka kora ya dawo ta taga. Kwalba a wanke, a tafasa ta, a kife a rana ta bushe. A cika, a danna da cokali don kada iska ta maƙale, a tabbata mai ya hau kansa kamar kaurin yatsa. Ni dai shawarata, ƙananan kwalabe uku sun fi babba ɗaya: ka buɗe ɗaya ka cinye, sauran suna rufe. Kuma 'yan'uwa makiyaya, ina roƙonku, robar maganin dabbobi ko ta maganin feshi ko galan ɗin baƙin mai, kada a zuba abinci a ciki ko an wanke sau goma.

A kan hanya, abokin gabar shito shi ne cokali. Ka ci gari jiƙaƙƙe da cokali, ka mayar da shi kwalba, ka shuka ruɓa. Yaron mota ya tsoma burodin da ya gatsa, haka. A ware masa cokalinsa busasshe, a ɗiba a zuba a kwano, a shafe saman, a rufe. Kada a ajiye shi a gaban mota inda rana ke dukan gilashi. Wanda aka kula da shi haka yana yin makonni ba firij. In ka ga fari-fari a sama, ko murfi ya kumbura, ko ya yi tsami, kada ka kwashe saman ka ci na ƙasa. A zubar.

Yanzu ga wani abu da nake so ku riƙe da kyau, domin wasu sun ji ana cewa mai yana tsare abinci sai su yanka ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen attarugu su nutsa a mai su rufe. Wannan haɗari ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda ba ta son iska. Ɗanyen abu mai ruwa a ƙarƙashin mai, cikin zafi, shi ne gidan da take so. Gubarta ba lallai ta yi wari ko ta canja ɗanɗano ba. Alamominta su ne gani bibbiyu, fatar ido ta saki, haɗiya ta gagara, jiki ya mutu. Wanda ya ga haka bayan cin abin kwalba a garzaya da shi asibiti, ba a jira gari ya waye.

Ɗanyen abu, tsami ne ke tsare shi. Masu albasa, wannan naku ne, tunda kullum kuna da wadda ta ƙuje a buhu ba za ta sayu ba. Kun tuna 2023, da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulki, yadda motocin albasa suka maƙale a hanya kaya suna ruɓewa, a Ghana kuma farashi ya tashi. Ba za a ceci tirela da kwalba ba, amma ta ci a gida za a cece ta. A yanke wurin da ya taɓu, a yanka mai kyau siri-siri, a barbaɗa gishiri ta tsane. A tafasa ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, irin na kanti da aka rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikinsa, da ruwa daidai wa daida. Kada ruwa ya fi khal yawa don neman auki. A zuba a kan albasar a kwalbar gilashi har ya shanye kanta, a jefa masoro da ɗan barkono. Kashegari ta yi. Da gasasshen nama ko soyayyen wagashi, sai wanda ya ci. A firij tana yin makonni, a cikin mota kuwa a cinye ta cikin kwana biyu zuwa uku.

Waɗanda ke shiga Wagadugu da Yamai da Maraɗi sun san mutardi, rawayan abin nan mai hawa hanci da masu gashi ke shafa wa nama, wanda mutanen Senegal ke dafa yasa da shi. Ana kwaɓa cokali biyu da ruwan lemun tsami da ɗan mai da masoro, a juye a kan albasar nan mai tsami, ko a ɗan soya su tare. Yana da daɗi ƙwarai, amma na yau ne da gobe, ba na guzuri ba ne. Kada a haɗa shi cikin kwalbar shito, domin ruwansa zai ɓata shiton.

Hajiyoyin da ke tunanin yin shito na sayarwa, kasuwa tana nan, musamman a tashoshin manyan motoci. Ki rubuta ranar da kika soya a jikin kowace kwalba. In kuma za ki manna suna ki kai kantuna ko ki tsallaka iyaka da katan-katan, sai kin yi rajista da hukumar kula da abinci tukuna, in ba haka ba kayan na iya tsayawa a hannun jami'ai a Paga ko Aflao. Mai saye kuma ya karkata kwalbar ya duba: in mai bai rufe saman ba, ko ya ga gumi a ƙarƙashin murfi, ya ajiye ya ɗauki wata.